Ciwon Hanta a Ɗakin Wankin Ƙoda: Tarihin Gwajin Da Ake Sa Mu Yi 🧵

1/ Duk wanda ya kai mara lafiya daga Rano ko Kibiya wankin ƙoda a Kano ya san kafin a ɗora shi kan inji sai an ce a je a yi gwajin ciwon hanta. Har ka ji ɗan rakiya yana ƙorafi: "Ƙoda muka kawo, me ya haɗa mu da hanta? Kuɗi kawai ake son ci." Gwajin nan yana da tarihi, kuma sai da aka yi asarar rayuka kafin a wajabta shi. Ku biyo ni.

2/ Ciwon hanta nau'in B, wanda a asibiti za ku ji ana cewa Hepatitis B, ƙwayar cuta ce da ke bin jini ta zauna a hanta. Wani takan sa masa shawara, ido ya yi ruwan ɗorawa, fitsari ya yi ja. Wani kuma ya shekara 20 yana yawo da ita lafiya lau, sai ranar da ciki ya kumbura ko kansa ta fito a hanta.

3/ Tun kafin a san ƙwayar, an ga aikinta. A 1883 aka yi wa ma'aikata 1,289 lambar rigakafin agana a wata masana'antar ƙera jiragen ruwa a birnin Bremen na Jamus. A lokacin da ruwan jikin mutum ake haɗa maganin lambar. Cikin watannin da suka biyo baya mutum 191 suka yi shawara. Wani likita mai suna Lürman ya bi diddigi, ya ce daga lambar ne.

4/ A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka yi wa sojojin Amurka rigakafin zazzaɓin shawara da aka gauraya da ruwan jinin mutane. Kimanin soja 50,000 suka kwanta da shawara. Garin neman gira aka rasa ido. A 1947 wani likita a Ingila, MacCallum, ya raba ciwon gida biyu: nau'in A mai bin abinci da ruwa, nau'in B mai bin jini.

5/ To an san akwai wani abu a cikin jini, amma babu wanda ya taɓa ganinsa, babu kuma gwajin da zai nuna wane ne ke ɗauke da shi. A cikin wannan duhun ne aka fara wankin ƙoda.

6/ Willem Kolff, likita a garin Kampen na ƙasar Holan, shi ya haɗa injin farko a 1943, lokacin sojojin Jamus na mamaye da ƙasarsu. Da ganga mai juyawa da irin ledar da ake ɗura nama a ciki ya haɗa shi. Kusan duk waɗanda ya fara ɗorawa sun rasu. Sai a 1945 wata dattijuwa mai shekara 67 ta farfaɗo a kan injin ta rayu.

7/ Matsalar ita ce duk wanki sai an yanka jijiya, jijiyoyin kuma suna ƙarewa. A 1960 Belding Scribner a birnin Seattle na Amurka ya ƙirƙiro wani ɗan bututu da ake bari a hannun mara lafiya, a riƙa jona inji da shi duk mako. Mutumin farko da aka saka wa, Clyde Shields, ya ƙara shekara 11 a duniya. Daga nan cibiyoyin wankin ƙoda suka fara buɗewa a Amurka da Turai.

8/ Ku ɗan tsaya mu yi lissafi, don a nan labarin yake. Inji yana jan jini kamar mililita 300 a minti ɗaya. A awa 4 lita 72 ke nan, alhali duk jinin jikin babban mutum bai wuce lita 5 ba. Wato jininsa kaf yana fita ya dawo fiye da sau 10 a zama ɗaya, sau biyu ko uku a mako, a ɗakin da wasu ke kwance gefensa ana yi musu haka.

9/ Matatar jinin wancan zamani kuma ba irin ta yau ba ce da ake fasa leda a ciro sabuwa. Wasu manyan alluna ne ake shimfiɗa siririyar leda a tsakaninsu. Bayan wanki sai ma'aikaci ya kwance su da hannu, ya wanke, ya sake haɗawa. Ledar takan fashe, bututu yakan ɓalle, jini ya watsu a gado, a ƙasa, a fuskar nas.

10/ Ƙari a kan haka, mai ciwon ƙoda jininsa yana ƙarewa, don ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke sa ɓargo ya yi jini. Allurar da ke maye gurbin sinadarin sai a 1989 ta shigo. Kafin nan ƙarin jini ake ta yi musu, leda bayan leda, jinin da a farkon lamarin babu hanyar tantance shi. Leda ɗaya mai cuta ta isa ta shigo da ita ɗakin.

11/ Ita kuma ƙwayar akwai taurin rai. Tana iya kwana 7 ko fiye a cikin busasshen jini a kan tebur, ko almakashi, ko maɓallin inji, kuma ta kama mutum. Ɗigon da ido ba ya gani ma ya isa.

12/ Ga abin da ya fi rikita likitoci. Ciwon ƙoda yana raunana garkuwar jiki. Idan ƙwayar ta shiga jikin mai wankin ƙoda, sau da yawa jikin ba ya yaƙarta, ba shawara, ba zazzaɓi, sai ta yi zamanta tana hayayyafa. Mutum yana kwance kamar ba komai, jininsa cike da ita.

13/ Ita kuwa nas matashiya mai cikakkiyar lafiya, garkuwarta da ƙarfi take tashi. Yaƙin da garkuwar ke yi da ƙwayar a cikin hanta shi ke kawo shawara mai tsanani, wani lokaci hantar ta tsaya cak cikin 'yan kwanaki. Shi ya sa a wasu cibiyoyin ma'aikata aka fara gani suna faɗuwa, sannan aka gane marasa lafiyar sun daɗe da kamuwa.

14/ A Birtaniya abin ya fara ɓulla a Manchester a 1965, sai Liverpool, sai asibitin Guy's a Landan. Garuruwan da mu ƙwallo muka san su da ita, a tarihin likitanci da wannan annoba ake tuna su.

15/ Mafi muni shi ne na Edinbura a Sikotilan, daga 1969 zuwa 1970. Mutum 11 suka rasu, huɗu daga cikinsu ma'aikatan asibiti ne. Cutar ba ta tsaya a ɗakin wankin ba, ta bi kwalaben jini har ɗakin gwaje-gwaje. A zamanin, 'yan lab da baki suke zuƙo jini cikin siririn bututun gilashi idan za su auna.

16/ Ku kwatanta yadda zaman asibitin ya koma. Jiya kun yi aikin dare tare da mutum, yau ido ya yi ɗorawa, mako mai zuwa ana jana'izarsa, kuma kai ma hannunka ya taɓa jinin da ya taɓa. Tsoro ya shiga ma'aikata, wasu cibiyoyin suka dakatar da karɓar sabbin marasa lafiya. Wanda ƙodarsa ta mutu aka ce babu gado kuwa, kun san makomarsa.

17/ Daga 1965 zuwa 1971 an ƙirga ɓarkewar cutar sau 12 a cibiyoyin ƙoda na Birtaniya. Mutum fiye da 350 suka kamu, marasa lafiya da ma'aikata da iyalansu na gida, 18 suka rasu.

18/ Mafita ta fito ne daga wani bincike da ba shi da alaƙa da hanta ko ƙoda, kuma ƙafar mai binciken ta taka ƙasarmu. Baruch Blumberg, Ba'amurke, yana son sanin dalilin da ya sa jinin al'ummomi ya bambanta. A 1957 shi da abokin aikinsa Anthony Allison suka zo Najeriya suna ɗibar samfurin jini, har da na Fulani makiyaya da na dabbobinsu.

19/ Haka ya yi ta tara jini daga sassan duniya. A farkon shekarun 1960 ya ga wani baƙon sinadari a jinin wani ɗan asalin ƙasar Ostareliya, ya raɗa masa sunan ƙasar, ya wallafa a 1965. Shi kansa bai san mene ne ba tukuna.

20/ A 1967 wata ma'aikaciyar ɗakin bincikensa da ke aiki da samfuran ta ji jikinta ba daɗi. Ta gwada jininta, sai ga sinadarin ya fito, alhali da babu. Ba a daɗe ba ciwon hanta ya bayyana a jikinta, ta kuma warke. A 1968 Alfred Prince a New York ya tabbatar sinadarin alamar nau'in B ne. A 1970 David Dane a Landan ya ga ƙwayar kanta da madubin ƙara girma.

21/ Sinadarin nan ɓawon ƙwayar cutar ne. Shi ne HBsAg da kuke gani a takardar sakamakon gwaji, wanda ake yi da ɗigon jini cikin 'yan mintuna. Blumberg ya samu kyautar Nobel a 1976, kuma ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce Ranar Ciwon Hanta ta Duniya.

22/ Da gwaji ya samu, gwamnatin Birtaniya ta kafa kwamiti ƙarƙashin wani babban likita, Lord Rosenheim. A 1972 suka fitar da rahoto, a shekarar shi ma ya rasu. Babu sabon magani a rahoton, babu rigakafi, don ba a ƙirƙiro shi ba. Ƙa'idojin aiki ne zalla.

23/ Ga su a taƙaice:
• A gwada kowane mara lafiya da kowane ma'aikaci kafin ya shigo, a kuma riƙa maimaitawa
• A gwada duk jinin da za a ƙara, a rage ƙarin jinin iya yiwuwa
• Mai ɗauke da ƙwayar a ware masa wurinsa da injinsa
• Safar hannu da rigar kariya dole
• Ba ci, ba sha, ba shan taba a ɗakin wanki
• A yi wa kwalbar jini mai haɗari alama kafin a kai lab

24/ Cikin 'yan shekaru annobar ta mutu a cibiyoyin Birtaniya. Amurka ma ta bi sahu: hukumarsu ta yaƙi da cututtuka, CDC, ta fitar da irin waɗannan ƙa'idoji a 1977. A 1974 kashi 6.2 cikin 100 na masu wankin ƙoda a can ke kamuwa a shekara. Zuwa 1980 ya sauko kusan kashi 1. Ku lura, duk wannan kafin rigakafi ya shiga kasuwa.

25/ Shi ma rigakafin daga ɗakin wankin ƙoda ya fara. A birnin Tours na Faransa, Philippe Maupas ya tace ɓawon ƙwayar daga jinin masu ɗauke da ita, ya yi wa ma'aikatan sashen wankin ƙoda allura, ya wallafa sakamakon a 1976. Su aka fara yi wa don su ne cutar ta fi addaba. Bayan nan tawagarsa ta gwada shi a kan jarirai a Senegal.

26/ Amurka ta amince da nata rigakafin a 1981. A 1986 aka fito da wanda ake haɗawa da yis ba tare da jinin mutum ba, shi ne irin wanda ake yi mana yau. A shekarar kuma Gambiya ta fara wani babban shiri na yi wa jarirai. A 1992 Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi kowace ƙasa ta saka shi cikin rigakafin yara.

27/ Yanzu mu dawo gida. Wankin ƙoda ya fara a Najeriya a 1981, a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas. A Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988 ya zama babbar matattarar masu ciwon ƙoda na Arewa, har ya yi dashen ƙodarsa na farko a 2002. Wato mu mun shigo harkar ne bayan an riga an rubuta ƙa'idojin. Gadonsu muka ci.

28/ Sai dai halinmu ya bambanta da na Birtaniya ta wata fuska. A can masu ɗauke da ƙwayar ba su kai 1 cikin 100 ba, yawanci ledar jini ce ke shigo da ita. A Najeriya, babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita. Kusan duk mutum 12 akwai ɗaya.

29/ Motar haya ɗaya da ta taso daga Kibiya, ta bi ta Rano da Bunkure ta fito Karfi ta hau titin Zariya, a bisa wannan lissafi na ƙasa ba abin mamaki ba ne a samu mai ita a ciki, kuma mai yiwuwa shi ma bai sani ba. Haka layin masu jiran wanki, haka layin 'yan uwa masu ba da jini.

30/ Akasarinmu tun muna jarirai ko yara ƙanana muke ɗauka, daga uwa lokacin haihuwa ko ta jini tsakanin yara. Jaririn da ya kamu, kusan 9 cikin 10 tana zama musu har girma. Babba kuwa, ƙasa da 5 cikin 100 ne take zame wa. Aska ɗaya a kan mutum da yawa wajen askin suna, kaciya, ƙaho, cire belu ko yankan farce duk hanya ce. Sana'ar wanzanci tamu ce, abin nema dai sabuwar reza ga kowane kai.

31/ Rigakafin ya shiga allurar yara ta Najeriya a 2004, aka haɗe shi cikin allurar penta a 2012. Ma'ana idan an haife ka kafin 2004, ba ka same shi a katin rigakafinka ba. Idan bayan nan ne, sai in an kai ka an kuma kammala. Wanda aka haifa a gida ba a kai shi asibiti a ranar ba ya rasa ta farko, wadda aka fi so a yi cikin awa 24.

32/ Ga wani abu da tsadar wanki ke jawowa. Ƙa'ida sau uku a mako, amma iyalai da yawa sai an sayar da buhun masara ko akuya ake samun na zama ɗaya. Mara lafiya ya zo jini ya yi ƙasa, a ce a kawo leda biyu cikin gaggawa. Yau wannan cibiya, gobe waccan, duk inda aka samu inji ko sauƙi. Yawan ƙarin jini da yawan sauya wuri, su ne ƙofofin da rahoton 1972 ya ce a tsare.

33/ Idan kana da mai wankin ƙoda, ka yi waɗannan tambayoyi cikin ladabi, haƙƙinka ne:
• An gwada shi ciwon hanta B da C, kuma yaushe za a maimaita?
• Idan ba shi da ita, an fara masa rigakafi?
• Jinin da za a ƙara masa an tantance?
• Akwai injin da aka ware wa masu ɗauke da nau'in B?

34/ Rigakafin mai wankin ƙoda ya fi na kowa yawa, ana ninka masa, saboda garkuwarsa ba ta amsawa sosai. Shi ya sa ya fi kyau a yi tun da wuri. Baba ko Inna da hawan jini ko suga ya fara taɓa musu ƙoda, a yi musu maganar allurar tun ba a kai ga inji ba.

35/ Idan kuma gwaji ya nuna yana da ita, ba a fasa masa wanki don haka. Injinsa daban ne kawai, don kare na gadon kusa. Kada a ɓoye sakamako a tafi wata cibiya a yi shiru, wallahi ɗaukar alhakin bayin Allah ne. Akwai magunguna irin tenofovir da ke danne ƙwayar su kare hanta, likita ne zai duba ya ce wa ke buƙata.

36/ Sai ku 'yan uwana da ke makarantun jinya, ungozoma, kiwon lafiya da lab, da masu zuwa sanin makamar aiki a Babban Asibitin Rano da ƙananan asibitocin ƙauyukanmu. Idan allurar da aka yi wa mai ƙanjamau ta soke ka, haɗarin kamuwa kusan 3 cikin 1,000 ne. Idan ta mai ciwon hanta B ce kuma ba ka da rigakafi, yana iya kaiwa 30 cikin 100. Amma ƙanjamau muka fi tsoro.

37/ Allura uku ce: yau, bayan wata 1, sai a wata na 6. A fara da gwaji. Mutane da yawa suna yin ta farko su manta da sauran, ka sa tunatarwa a wayarka. Ma'aikacin lafiya ya ƙara da gwajin garkuwa wata 1 zuwa 2 bayan ta ƙarshe, ya tabbatar ta kama.

38/ Idan allura ta soke ka a bakin aiki, ka wanke da sabulu da ruwa, ka faɗa wa na gaba da kai nan take. Akwai abin da ake yi, kuma ya fi amfani cikin awa 24. Kunyar kada a ce ba ka iya aiki ba, ba ta kai hantarka daraja ba.

39/ Kada a manta da masu shara, masu wankin zanin gado da masu kwashe kwandon allurai. Su ne suka fi taɓa abin da kowa ya yar, su ne kuma ba a cika tunawa da su ba ranar rabon rigakafi. Shugabannin asibiti, a saka su a sahun farko don Allah.

40/ Wata magana da ke yawo: wai ana ɗauka ta gumi, ko cin abinci kwano ɗaya, ko musabaha. Ba haka ba ne. Jini ne, da saduwa, da haihuwa. Kada a ware wa mutum kofi da cokali a gida, kada a fasa aure a kan jita-jita. A gwada mutanen gidan, wanda ba shi da ita a yi masa allura, shi ke nan.

41/ A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, mutum miliyan 254 ke ɗauke da nau'in B a 2022, kuma ya kashe kimanin miliyan 1.1 a shekarar. Ma'aikatan Edinbura sun rasu a lokacin da babu allurar da za ta kare su. Mu muna da gwajin, muna da allurar, muna da ƙa'idojin a rubuce fiye da shekara 50.

42/ Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri, ya tsare su a bakin aikinsu. Ku tura wa duk ɗalibin lafiya da kuka sani da duk gidan da ke da mai wankin ƙoda. Wanda ya kammala allurarsa uku ya faɗa mana a ƙasa inda ya samu, wasu su amfana.